Mataji a Baki

Ni mai aski ne, shekara goma sha tara a shago guda, mai kujera biyu da dogon benci da madubin da ya tsage a kusurwa tun ranar da aka kafa shi. Mutanen layinmu Rediyo suke kirana. Da farko na ɗauka zagi ne, amma da na lura ko wanda kansa bai tara suma ba yakan zo ya zauna a bencin don ya ji me ake ciki, sai na karɓi sunan hannu biyu. A wurina surutu rabin aski ne. Mutum ya miƙa maka kansa, ka riƙe reza dab da maƙogwaronsa, in ka yi masa shiru ai sai ya fara tunanin abin da bai kamata ba.

Yarana biyu. Babbar tana sakandare, bakinta nawa ne sak, har uwarsu kan ce in mu biyun muka haɗu a falo ita da kujera duk ɗaya. Ƙaramin shekararsa goma. Injiniya nake kiransa, don tun yana ɗan shekara shida ya kwance mini wata tsohuwar kilifar aski da na jefar, ya mayar da ita, ta kuma tashi. Injiniya yana da in'ina. Tun da ya fara magana harshensa ke sarƙewa, kuma ya fi maƙalewa a kan duk kalmar da ta fara da harafin "b". Ka ga kuwa ƙaddara: kalmar da yaro ya fi buƙata a gaban ubansa ita ce Baba. Zai tsaya yana b-b-b, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya runtse ido, ƙafarsa tana dukan ƙasa.

Ni ba na iya kallon wannan. Zuciyata ba ta ɗauka. Don haka tun yana ƙarami na ɗora wa kaina aikin taimako. Da ya buɗe baki zai kira ni, kafin ya sha wahala na amsa masa da na'am. In ya ce yana son b-b-b, sai in ce biskit, in miƙa hannu kan kanta in ba shi. In ya fara magana ya maƙale a tsakiya, in ɗauko ta daga inda ta tsaya in kai masa ita gida. Har alfahari nake yi wa masu zuwa aski, ina cewa ni da ɗana ba ma buƙatar cikakkiyar magana, rabin harafi ya ishe mu. Su kuma su yi ta yaba mini, don mutum ba ya musu da wanda ke riƙe da kansa.

Wata Litinin da safe muna shan shayi, yaran sun fita ɗauko jakunkunansu, uwarsu ta ajiye kofi ta tambaye ni yaushe rabona da in ji muryar yaron nan. Ita tela ce, a gida take ɗinki, kuma maganarta kamar ɗinkinta take, ba ta sa zare inda ba a buƙata. Na ce jiya ma mun yi hira. Ta ce to me ya ce. Na buɗe baki, na tuna duk abin da ni na faɗa jiya, tun daga labarin tayar mota har zuwa tsadar reza, amma ban tuna kalma ɗaya tasa ba. Ta jawo wani littafin rubutu daga ƙarƙashin keken ɗinki ta buɗe mini shafin baya. Rubutun Injiniya ne, layi-layi: "Na ƙoshi." "Sabulu ya ƙare." "Kaina yana ciwo." Ta ce kusan mako uku ke nan da haka yake yi mata magana, ni kuma kai kawai yake gyaɗa mini, ban ko lura ba.

A ranar malamar ajinsu ta aiko a kira ni. Na rufe shago da tsakar rana na tafi, na zauna a kan ƙaramar kujerar yara gwiwoyina suna neman haɓata. Malama mace ce mai natsuwa, ba ta kai ni shekaru ba amma tana kallon mutum kamar ta riga ta duba masa jarrabawa. Ta ce mako uku Injiniya bai furta komai a aji ba, ko kiran suna aka yi hannu yake ɗagawa. Lokacin hutun tara kuma yana zama shi kaɗai a bayan aji yana kwance biro yana mayarwa. Ta ce nan da mako shida akwai jarrabawar baki, kowane yaro zai tashi ya karanta sakin layi a gaban aji ya amsa tambaya, kuma wanda bai yi ba ba zai wuce aji na gaba ba. Amma ta ce ba jarrabawar ce ta fi damunta ba. Yaron da ya daina magana da kowa, a cewarta, akwai abin da ya yanke a ransa, kuma in aka bar shi ya saba da shi, fito da shi zai yi wuya.

Ta rubuta mini sashen da ake ganin likitan magana a babban asibiti. Sannan ta tambaye ni ko a gida ana sauraronsa. Raina ya ɗan sosu. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa sauraro ai sana'ata ce, tun safe har yamma matsalolin mutane nake ji, wanda matarsa ta yi yaji da wanda maigidansa ya kora, babu wanda ban saurara ba. Na kai minti goma ina wannan bayani. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, sai da na kai aya ta dubi agogon bango ta ce an kusa komawa aji.

Da yamma na zaunar da Injiniya a falo, na jawo kujera na fuskance shi ido cikin ido, na ce yau sai ya gaya mini abin da ke damunsa. Ya sunkuyar da kai. Na ce ni ubansa ne, babu abin da zai faɗa da zai fi ƙarfina. Can ya ɗago, leɓɓansa suka haɗu, ya fara.

"B-b-b..."

"Bugunka ake yi?" na ce. "Wa ke bugunka? Babban yaro ne? Ɗan wane aji ne?"

Ya girgiza kai, ya sake gwadawa.

"Biro aka sace maka? Don biro? Gobe in saya maka kwali guda."

Ya dube ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallo a fuskar yaro ba, babu fushi a ciki, gajiya ce kawai irin ta dattijon da ya daɗe a layi aka rufe taga a gabansa. Ya rufe bakinsa, hawaye suka zubo, ya tashi ya shige ɗaki. Yayarsa da ke jingine a bakin ƙofa ta ce, "Baba, kai ka yi tambayar, kai ka ba da amsar, kuma ga shi kai ne kake shirin yin fushi." Na ce ta ɓace mini da gani kafin in nuna mata wanda ya haifi wani. Ta tafi tana ƙunƙuni, ni kuma na zauna ina jin haushin cewa yarinyar ba ta da kunya.

Satin nan babu dabarar da ban yi ba. Na sayo ƙwallo sabuwa, ya karɓa da hannu biyu ya tura ta ƙarƙashin gado. Na sayo biskit mai tsada, ya ajiye wa yayarsa. Na ba shi labaran ban dariya waɗanda ke sa manyan mutane riƙe ciki a shago, ya yi murmushin ladabi. Ni da nake ganin babu bakin da ba zan iya buɗewa ba, na rasa yadda zan yi da na ɗan cikina. In faɗi gaskiya, tsoro ya kama ni. Ina aski ina tunanin yaron nan zai girma a gidana, ya yi gemu, ya fita, ban san muryarsa ta girma ba.

Ranar Asabar ce ranar askinsa, da sassafe kafin mutane su fara zuwa. Ya hau kujera, na ɗora masa ƙaramin matashi don ya kai madubi, na ɗaura masa ƙyalle a wuya. Ina aski ina zuba kamar kullum, yana kallon kilifar a madubi. Da na gama rage sumar na kashe ta, na ɗauko sabuwar reza don gyaran gefe.

A nan sai na yi bayanin wata ɗabi'a tawa. In zan fitar da layin bayan kunne, hannun hagu ne ke naɗe kunnen ya ja fatar, na dama yana riƙe da reza. Mataji kuma ba ni da inda zan sa shi, don ina buƙatarsa kowane ɗan lokaci, sai in cije shi a haƙora. Haka maigidan da na koyi aski a wurinsa ya koya mini, haka nake yi shekara goma sha tara. Ban taɓa kawo wa raina cewa a duk tsawon yini wannan ne kaɗai lokacin da ba a jin muryata ba. Amma Injiniya mai lura ne. Yaron da ya gano inda waya ta tsinke a cikin kilifa ba zai kasa gano inda bakin ubansa ke mutuwa ba.

Na naɗe kunnen dama, na ɗora reza, na fara zagayowa.

"B-b-b... B-baba."

Na'am ɗin ta taso mini har maƙogwaro ta tarar da mataji a hanya. Ba a ɗaga reza a tsakiyar zagayen kunne, layin zai karye. In kuma na buɗe baki matajin zai faɗo masa a wuya ya zabura, ga kaifi a kan fata. Abin da na iya kawai shi ne, "Mm."

"B-b-b... b-bari..."

Kaina ya cika da sauran maganar. Bari in sha ruwa. Bari in sauka. Bari in je bayi. Duk suka yi cunkoso a bayan haƙorana. Ina ganinsa a madubi, ido a runtse, jijiyar wuya a miƙe, ƙyallen yana motsi saboda ƙafar da yake bugawa. Na tsayar da rezar cak a inda take. Ban san tsawon lokacin ba, a jikina dai ya yi kamar a gama askin mutum biyu.

"...in ƙarasa. Da k-kaina."

Na janye rezar a hankali na ajiye. Na kai hannu zan cire matajin, sai ya fito da hannunsa daga ƙarƙashin ƙyalle ya nuna bakina a madubi, ya girgiza kai. Na gane. Na mayar da hannuna, na tsaya a bayansa da mataji a baki kamar karen da aka aika ɗauko sanda.

Ya yi magana ta fi ta rabin awa, kuma in da ni ne zan faɗe ta a minti uku. Ya ce shi ba ya son biskit, bai taɓa so ba. Batir yake ta nema shekara da shekaru, don akwai ƙaramin injin da ya ciro daga wata motar wasa yana so ya ga ko zai juya. Ya ce yara a makaranta sun ƙirƙiro wasa, in ya maƙale sai su yi ta rige-rigen ƙarasa masa da kalmomin banza, wani ya ce buta, wani ya ce biri, wani ya ce bawul, aji ya fashe da dariya. Ya ce ya jure wannan. Sai ranar da aka raba sakamakon gwajin kimiyya, ya rugo shago a guje don ya gaya mini babu wanda ya fi shi maki a ajin. Shagon a cike yake. Ya fara b-b-ba, ni kuma ko juyowa ban yi ba na ce, ba ka ci abinci ba ko, maza je gida uwarka ta zuba maka. Mutane suka yi dariya, na kunna kilifa. Ya ce a hanyar gida ya yi tunani, tunda kowa ya riga ya san abin da zai faɗa, a makaranta da gida, to wahalar me yake sha.

Na tuna ranar sarai. Har na tuna wanda ke kan kujera. Miyau ya taru mini a baki, idona ya yi zafi, ban motsa ba.

Ya ɗan huta, ya share hanci da gefen ƙyallen. Sannan ya dube ni ta madubi.

"K-kunyata kake ji?"

Wannan karon da kansa ya yi mini alamar in cire. Na cire matajin, ga shatin haƙorana a jikinsa. Amsa mai daɗi tana nan a shirye a bakina, irin wadda nake ba kwastoma in ya tambaya ko sanƙonsa ya fito. Amma na tsaya na duba, na ga cewa a gida nakan ɗan ba shi lokaci, a shago ne in mutane sun cika nake saurin rufe masa baki. Yaron ya riga ya ga wannan, ƙarya ba za ta yi aiki ba.

"Na ɗauka tausayinka nake ji," na ce. "Yanzu da ka tambaya, na duba na ga har da kunya a ciki. Amma ba kai ne abin kunyar ba, Injiniya. Ni ne babba da ban iya jira ba. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallona. Ina jira ya yi kuka ko ya rungume ni, yadda nake ganin ya kamata. Sai ya juya kansa gefe ya duba madubi da kyau, ya ce ɗaya kunnen b-bai gyaru ba. Na mayar da mataji baki na gyara masa.

Daga ranar na shiga makaranta. Da aka zauna cin abincin rana na zaro mataji daga aljihu na ajiye kusa da faranti, na sanar cewa duk lokacin da Injiniya zai yi magana, wannan zai shiga bakina. Yayarsa ta yi dariya har ta ƙware. Uwarsu ta ce shekara goma sha bakwai tana neman maganin nan, ashe yana aljihun rigata tana wanke shi duk sati. Ba a yi minti biyar ba yarinyar da ke dariya ta ƙarasa wa ƙanenta magana, ya nuna ta da yatsa, uwarsu ta miƙa mata cokali ta ce ta cije. Ranar na fara jin dariyar yaron da ƙarfi bayan wata guda.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Jira aiki ne, ya fi tsayuwar yini ciwo. Wani lokaci kalmar tana gabana ƙiri-ƙiri, na san ita ce, harshena yana ƙaiƙayi. Abin da ya ba ni kunya kuma shi ne, in na daure na jira, sau da yawa sai ta fito ba ita ba ce. Mataji biyu na karya a sati na farko.

Kowace Laraba da rana nakan rufe shago in kai shi wurin likitan magana. Wani siririn mutum ne mai tabarau, bai yi mana alƙawarin komai ba. Ya ce in'ina takan ragu, wani lokaci takan zauna da mutum har tsufa, kuma mutane da yawa suna rayuwarsu da ita lafiya lau. Ya koya wa Injiniya yadda zai sassauta farkon kalma, ni kuma ya ba ni nawa aikin: kada in ce masa yi a hankali, kada in ce ja numfashi, kada in kawar da ido kamar ina jin nauyi. In dube shi kawai in jira, in ya gama kuma in amsa abin da ya faɗa, in bar zancen yadda ya faɗe shi. Na ce likita ai wannan duk na sani. Injiniya ya dube ni, na yi shiru.

A ƙafa muke zuwa mu dawo, kuma a hanyar nan na san ɗana. In muna tafiya kafaɗa da kafaɗa maganarsa ta fi sakuwa. Na ji cewa yana tsoron karen gidan da ke kusa da shagona, shi ya sa yake zagaye mai nisa. Na ji yana da aboki guda, wani mai kiɓa da ba ya shiga wasan ƙarasa magana. Na ji cewa in na yi wa yayarsa faɗa shi ne cikinsa ke ciwo. Duk wannan yana cikin gidana shekara da shekaru, ni ina ba mutanen waje labarin duniya.

Akwai ranar da ya dawo daga makaranta ya yi jifa da jaka, ya zauna a ƙasa a bayan ƙofa yana kuka. Ya gwada amsa tambaya a aji, yaran suka taso masa. Jinina ya hau, na fara neman takalmi, don na yi niyyar in je in nuna wa 'ya'yan mutane cewa yaron yana da uba. Uwarsu ta dube ni ta dubi ƙasa kusa da shi. Na ajiye takalmin na zauna a wurin, bayana a jikin bango, ban ce komai ba. Da kukan ya lafa na tambaye shi me yake so a yi. Ya ce kada in je aji, abin zai ƙaru. Ya yarda in gaya wa Malama ita kaɗai, shi kuma zai rubuta mata sunayen. Haka aka yi, ta kuma san yadda ta bi da su ba tare da ta tsayar da shi a gaban kowa ba. Na tambaye shi ko in roƙa masa a ɗauke masa jarrabawar bakin. Ya yi tunani har washegari, sannan ya ce zai yi.

Ranar jarrabawar Alhamis ce. Shagon ya cika da rana, mutum biyar a benci, har da wani tsohon direba da ya yi ritaya wanda ke zuwa kullum ko da aski ko babu. A kan kujera kuma akwai ma'aikacin banki, kwastomana na shekara takwas, wanda ke zuwa a lokacin hutun cin abinci yana duba agogo kamar zai gudu ya bar shi. Na aske masa gefen dama tas, na hagu yana nan da sumarsa, sai ga Injiniya a bakin ƙofa da jaka a baya, yana haki.

Na kashe kilifa. Shagon ya yi tsit, don mutanen nan ba su saba jin ta mutu a tsakiyar kai ba. Matajin yana hannuna, na ajiye shi a kan kanta. Na juyo gaba ɗaya na fuskanci yaron.

Ya dubi bencin, ya dubi mutumin da ke kujera, ya dube ni. Leɓɓansa suka haɗu. Ta maƙale masa sosai, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har gumi ya tsatso masa a goshi. Wani a benci ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

"Cewa yake ya ci jarrabawa," in ji ma'aikacin bankin. "Madalla, yaro. Rediyo, mu je."

"Ranka ya daɗe, bai ce ba tukuna."

"Minti goma ya rage mini."

Na miƙa hannu na zaro hulata daga ƙusa na ɗora masa a cinya.

"Ga hula. In ka tashi aiki ka dawo in gama maka. Ɗana yana magana."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya dubi rabin kansa a madubi, ya dubi hular, ya ja tsaki ƙasa-ƙasa ya gyara zama. Ban damu ba ko da ya tashi. Kunya ko ɗigo ban ji ba, kuma na san yaron yana kallon fuskata yana neman ta.

"B-baba," in ji Injiniya. "Na maƙale. A layi na b-biyu. Wasu sun yi dariya."

Na gyaɗa kai, na jira.

"Aka b-b-buga ƙararrawa ina tsakiya. Yara suka fara tashi. Ni b-ban tsaya ba. Sai da na kai ƙarshe." Ya gyara jakar a bayansa. "Malama ta ce na wuce."

Na tabbatar ya gama, don yanzu na san bambancin hutawa da gamawa. Sannan na ce masa na ji daɗi, kuma ban taɓa alfahari da wani abu a rayuwata kamar yadda nake yi da shi a wannan lokacin ba. A gaban kowa na faɗa, da ƙarfi. Ma'aikacin bankin ya miƙo mini hulata ba tare da ya dube ni ba, ya ce wa yaron sannu da ƙoƙari.

Na ɗauka zai wuce gida kamar yadda ya saba, don bai taɓa son zaman shago in da mutane ba. Sai na ga ya sauke jakarsa ya nufi benci. Tsohon direban ya matsa masa, ya tambaye shi wai me aka ba shi ya karanta ne haka. Na kunna kilifa a ƙaramin gudu don kada ta rufe mini kunne. Injiniya ya ɗora jakar a kan cinyarsa, ya juya ya fuskanci tsohon, ya fara ba shi labarin tun daga farko.